Yadda ake buga Morrowind a yau: daga girka OpenMW har zuwa kangon Arkngthand

Kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da The Elder Scrolls III: Morrowind a watan Mayun 2002 a kwamfuta, bayan wata guda kuma a na'urar Xbox. Shi ne na uku a jerin, bayan Arena na 1994 da Daggerfall na 1996. Todd Howard ne ya jagoranci aikin, Ken Rolston ya jagoranci tsara wasan, Michael Kirkbride ya zana kuma ya rubuta da yawa daga abin da ya sa duniyar wasan ta fita daban, Jeremy Soule ya yi kiɗan. Ƙari biyu suka biyo baya: Tribunal a ƙarshen 2002, Bloodmoon a 2003. A 2003 ɗin aka haɗa ukun a kundi guda mai suna Game of the Year Edition, kuma shi ake sayarwa har yanzu.

Oblivion na 2006 da Skyrim na 2011 sun gaji faɗin duniyarsa da 'yancin zuwa inda aka ga dama, amma sun ajiye abu guda. A Morrowind babu kibiyar da ke nuna maka hanya. Wanda ya aike ka zai kwatanta maka da baki: bi ta ƙofar kudu, haye gada, in ka wuce sansanin soja ka nemi hanyar da ta hau tudu. Kwatancen zai shiga littafin tafiyarka, sauran aiki naka ne. Wannan amincewa da hankalin ɗan wasa ita ta riƙe masoyansa sama da shekara ashirin, har suka sake gina injinsa daga tushe. Ita ce kuma ke korar sababbi a sa'ar farko, saboda wasan ba ya bayyana dokokinsa. Jagorar nan don a tsallake wannan sa'ar ce.

Iyaye su san abin da ke ciki kafin su miƙa wa yaro: labari ne ƙagagge mai allolin ƙirƙira, da sihiri, da bauta, da fataucin ƙwaya. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa shi a rukunin matasa. Kuma wasan karatu ne, yawancin maganganu a rubuce suke, don haka wanda Turancinsa ko Faransancinsa bai yi ƙwari ba zai sha wahala.

Mataki na farko: mallaki fayilolin asali

Sayi Game of the Year Edition a GOG ko Steam, shagunan sayar da wasanni a intanet. Girmansa bai wuce kimanin gigabait ɗaya ba, kuma farashinsa kan faɗi ƙasa sosai a lokutan rangwame. Mun fi son na GOG don dalili biyu: ana iya sauke fayil ɗin girkawa a ajiye a filashi, a sake girkawa ba tare da intanet ba, sannan yana zuwa da Construction Set, wato manhajar da kamfanin ya gina wasan da ita.

Bayan girkawa, buɗe foldar wasan ka shiga Data Files. Dole ka ga fayiloli shida: Morrowind.esm, Tribunal.esm, Bloodmoon.esm, da takwarorinsu uku masu ƙarewa da .bsa. Ukun farko su ne duniyar da dokokinta, ukun baya su ne surori da launuka. A foldar da ke sama kuma akwai Morrowind.ini. In ɗaya daga cikinsu ya ɓace, girkawar ba ta kammala ba, sake ta tun yanzu.

Akwai fassarar Faransanci ta hukuma, wadda za ta fi sauƙi ga wanda ya yi boko a Nijar ko Kamaru ko Chadi. Sai dai yawancin ƙarin da masoya suka ƙirƙira an gina su ne kan sigar Turanci. A sigar da aka fassara, sunayen wurare da kan maganganu sun canza, don haka ƙarin Turanci kan zo da ƙofofi da hirarrakin da ba su haɗu da sauran wasan ba. Wanda ke da niyyar saka manyan ƙari ya ɗauki ta Turanci.

Mataki na biyu: zaɓi inji

Hanya biyu ce. Ta farko, a buga da injin asali na 2002, a ɗora masa faci irin su Morrowind Code Patch da MGE XE da MWSE. Tana aiki, kuma akwai ƙari masu kyau da sai da ita suke tafiya, amma ta Windows ce, kuma injin tsoho ne mai saurin rufewa ba gaira ba dalili.

Ta biyu ita ce OpenMW. Wannan inji ne sabo fil da masu sa kai suka fara rubutawa a 2008, kyauta ne, kuma lambobinsa a buɗe suke ga kowa. Ba ya ɗauke da komai na Bethesda, fayilolin da ka saya yake karantawa ya tafiyar da su. Yana aiki a Windows da Linux da macOS, ya san faffaɗan allo, kuma ana buga wasan da ƙarinsa biyu da shi daga farko har ƙarshe. Ga sabon shiga, shi ne zaɓi. Abu biyu kawai za ka riƙe: faci ukun nan na tsohon inji ba sa aiki a kansa, kuma ajiyar wasan tsohon inji ba ta buɗuwa kai tsaye a cikinsa. Zaɓi ɗaya tun farko ka tsaya a kai.

Sauke sabuwar tsayayyar siga daga shafin aikin, openmw.org. Kada ka ɗauki sigar gwaji ta kullum-kullum. Akwai sigogin Android da wasu suka haɗa, amma wasa ne mai yawan rubutu da ƙananan akwatuna, a allon waya yana gajiyarwa.

Mataki na uku: girkawa da saiti

Karon farko da ka buɗe OpenMW Launcher, zai kai ka ga mai taimakon girkawa. Zaɓi cewa ka riga ka girka wasan. In bai gano wurin da kansa ba, nuna masa Morrowind.esm da ke cikin Data Files. Zai tambayi harshen wasan, kuma amsar tana da muhimmanci, domin da ita yake sanin tsarin haruffa. In aka yi kuskure, haruffa masu alama a ka za su fito a hargitse. Daga nan ka bar shi ya kwafo saituna daga Morrowind.ini.

A shafin Data Files na Launcher, sa alama a kan ukun nan bisa wannan jeri: Morrowind, Tribunal, Bloodmoon. Kada ka ƙara komai tukuna. Buɗe wasan, fara sabo, fita daga jirgin ruwan da labarin ke farawa a cikinsa, ka tabbata ana jin sauti kuma ana ganin ruwa da gidaje. Wanda ya zuba ƙari talatin kafin wannan gwajin ba zai taɓa sanin wanne ne ya ɓata masa wasa ba.

Saituna huɗu sun cancanci a taɓa su. Na ɗaya, girman rubutu: a babban allo haruffan kan yi ƙanƙanta, sai a ɗaga ma'aunin girman akwatuna daga 1.0 zuwa 1.25 ko 1.5. Na biyu, nisan gani. An raba ƙasar wasan gida-gida, kowane gida faɗinsa 8192 a ma'aunin wasan, kuma asalin wasan bai kai gida ɗaya yake nunawa ba kafin hazo ya rufe. OpenMW na iya nuna gida goma ko fiye, amma kowane ƙari nauyi ne a kan kwamfuta. Gida uku zuwa huɗu ya wadatar. Ko da kwamfutar na da ƙarfi, kada a buɗe shi gaba ɗaya: tsibirin Vvardenfell, inda wasan ke gudana, bai kai girman da yake nunawa ba, hazo da duwatsu ne suke sa tafiya ta yi nisa, in ka hango birnin Vivec tun daga bakin ruwan farko, rabin kwarjinin ya tafi. Na uku, inuwa da ƙyallin ruwa: su ne farkon abin kashewa a ƙaramar kwamfuta. Danna F3 ka ga yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa, in sun gaza 30 ka rage. Na huɗu, ajiya: F5 na adanawa nan take, F9 na dawo da ita. Ƙara yawan gurbin ajiyar gaggawa zuwa biyar ko fiye don kada sabuwa ta riƙa shafe tsohuwa, sannan ka yi ajiya mai suna kafin kowane babban aiki. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba abin wasa ba ne.

Fayilolin saitin, openmw.cfg da settings.cfg, suna cikin Documents\My Games\OpenMW a Windows, a Linux kuma ~/.config/openmw. Kwafi na farkon ka ajiye gefe kafin ka taɓa shi.

Mataki na huɗu: fahimci lissafin da ke ƙarƙashin kowane sara

Nan ne mafi yawan mutane ke ajiye wasan. Suna kai wa ƙaramar tsutsa sara goma, takobi na ratsa jikinta a allo, amma ba abin da ya same ta. Ba lalacewa ba ce. Morrowind ya gaji wasannin tebur, inda kowane yunƙuri kamar jefa ɗan ludo ne: abin da ido ya gani daban, abin da ƙuri'a ta bayar daban.

Ga yadda ake lissafin samun sara. A ɗauki ƙwarewarka a irin makamin da ke hannunka, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar na Agility (zafin nama), a ƙara kashi ɗaya cikin goma na Luck (sa'a). Abin da aka samu sai a ninka shi da wani adadi da ya dogara da koren ma'aunin nan na Fatigue, wato sauran kuzarinka: in ya cika, 1.25, in ya ƙare, 0.75. Daga sakamakon a cire iya kaucewar abokin gaba.

A gwada da mutum mai Agility 40 da Luck 40. Ya ɗauki wuƙar da ke kan tebur a ofishin farko, alhali ƙwarewarsa a gajeren makami 5 ce. Biyar da takwas da huɗu, 17. Da cikakken kuzari, damarsa wajen 21 cikin ɗari. In ya yi ta gudu har koren ya ƙare, ta sauka ƙasa da 13. Shi dai wannan mutumin, in ɗan ƙabilar Redguard ne da ya sa dogon takobi cikin manyan ƙwarewarsa kuma ya zaɓi fannin yaƙi, yana farawa da 50. Hamsin da takwas da huɗu, 62. Da cikakken kuzari, 77 da rabi. A gajiye, 46 da rabi. Bambancin sau shida ne tsakanin mafi muni da mafi kyau, kuma duk a minti goma na farko.

Doka biyu ke fitowa daga nan. Yi faɗa da makamin da ka ƙware a kai kawai, ko da wani ya fi shi tsada. Sannan in ka hango abokin gaba, daina gudu, taka a hankali har koren ya dawo. Gudu da tsalle da sara duk suna cin sa. Kuma ba faɗa kaɗai yake shafa ba: jefa sihiri, buɗe kwaɗo, lallashin mutum, har cinikin farashi, duk da shi ake ninkawa. Sihiri ma lissafinsa kusan haka ne: ƙwarewa sau biyu, da kashi ɗaya cikin biyar na Willpower, da kashi ɗaya cikin goma na Luck, a cire tsadar sihirin, a ninka da kuzari. Jerin sihirinka na nuna damar kowanne, ka duba kafin ka dogara da shi.

Ƙarin abu biyu. Riƙe maɓallin sara har hannu ya ja baya sosai kafin ka saki, domin saran da aka yi da gaggawa ɓarnarsa kaɗan ce. Kuma kowane makami na da sara iri uku masu ƙarfi daban-daban. A saitunan wasan akwai zaɓin a riƙa amfani da mafi kyau kullum, kunna shi.

Mataki na biyar: gina mutuminka

A ofishin ƙidaya na Seyda Neen, ƙauyen da ake fara wasan, ma'aikaci Socucius Ergalla zai ba ka zaɓi uku: amsa tambayoyi, ɗaukar sana'a daga jeri, ko ƙirƙirar taka. Ƙirƙiri taka. Wasan na da ƙabilu 10, siffofi 8, ƙwarewa 27, taurarin haihuwa 13. Za ka zaɓi manyan ƙwarewa biyar da ƙanana biyar. Kowace ƙwarewa na farawa daga 5, babba na samun ƙarin 25, ƙarama ƙarin 10, fannin da ka zaɓa na ƙara 5 ga duk ƙwarewar da ke cikinsa, ƙabila kuma na ƙara nata.

Ga wasan farko, sa makami ɗaya da sulke iri ɗaya cikin manya. Makami biyu a can ɓarnar gurbi ne. Ƙara Restoration don warkar da kai, da Mysticism ko a ƙanana, domin sihirin tafiye-tafiye a can yake. Tanadi hanyar buɗe kwaɗo guda, Security ko Alteration. Cikin siffofi biyu da ake fifitawa, waɗanda kowacce ke samun ƙarin 10, sa Endurance (juriya). Redguard ko Nord ko Dunmer sun fi yi wa sabon shiga sauƙi. A taurari, The Lady na ƙara 25 ga Endurance da 25 ga Personality, The Lover na ƙara 25 ga Agility, The Warrior na ƙara 10 kai tsaye ga damar sara. The Atronach na ba da ƙarfin sihiri mai yawa, amma barci ba ya dawo da shi, don haka a bar shi sai wasa na biyu.

Dalilin nacewa kan Endurance shi ne yadda ake hawa mataki. In manyan ƙwarewa da ƙanana suka ƙaru sau goma jimilla, sai ka yi barci ka hau. A nan za ka zaɓi siffofi uku ka ɗaga. Yawan ƙarin ya dogara da sau nawa ƙwarewar da ke ƙarƙashin siffar ta ƙaru tun hawan baya: sau 1 zuwa 4 na ba da maki 2, sau 5 zuwa 7 maki 3, sau 8 ko 9 maki 4, sau 10 maki 5. Luck maki ɗaya ne kullum. Lafiyarka kuma na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin goma na Endurance a kowane hawa, kuma wasan ba ya biyan bashin baya. Wanda ya hau mataki goma da Endurance 40 ya samu 40, wanda ya hau da 80 ya samu 80. Ƙwarewa uku ne ke ƙarƙashinta: sulke mai nauyi, matsakaicin sulke, da mashi.

Sauran ƙwarewa 17 da ba ka zaɓa ba suna shiga lissafin makin siffofi, amma ba sa kusanto da hawa. Saboda haka in kana gab da hawa, je wurin mai koyarwa ka biya ya ɗaga maka mashi daga 5 zuwa 15. Kuɗin kaɗan ne tunda ƙwarewar na ƙasa, kuma ka samu maki 5 cif a Endurance. Mai koyarwa ba ya wuce da ƙwarewa sama da siffar da ke mulkinta. Kada wannan lissafi ya zame maka dole a kowane mataki. Yi shi a hawa biyar na farko, bayan nan wasan ya fi daɗi in an bar shi ya tafi yadda ya zo. Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne sa gudu da tsalle duka cikin manya: suna ƙaruwa da kansu, sai ka yi ta hawa mataki, dodannin da ake haɗuwa da su a hanya su ƙara ƙarfi, hannunka kuwa bai iya faɗa ba.

Mataki na shida: Seyda Neen da hanyar Balmora

Bayan an ba ka takardu, ɗakin gaba na da wuƙa da abin buɗe kwaɗo da abinci da kwanuka. Kwashe su, na sayarwa ne. A tsakar gida akwai ganga mai zobe a ciki. Hafsa Sellus Gravius zai ba ka zinare 87 da ƙunshin saƙo zuwa ga Caius Cosades a Balmora. Kada ka sayar da ƙunshin, kada ka yar.

A waje za ka haɗu da Fargoth, mai zoben. Mayar masa. Abokinsa Arrille shi ne mai kanti ɗaya tilo a ƙauyen, kuma zai sassauta maka farashi. Sayi makamin da ka ƙware a kai da sulken da kuɗinka ya kai. Lura da nauyi: abin da za ka iya ɗauka shi ne Strength sau biyar, kuma tun kafin ka kai iyaka kaya na rage saurinka.

Kafin ka bar ƙauyen, yi abu biyu. Tambayi mutane labarin mai karɓar haraji da ya ɓace, Processus Vitellius. Gawarsa na arewa maso yamma da ƙauyen, da zinare 200 da takardar haraji. Kai wa Socucius kuɗin, zai sa ka nemo wanda ya yi kisan, ladan kuma 500 ne. Sannan ka tsinki naman kaza iri huɗu da ke fitowa a wurin: Luminous Russula, Violet Coprinus, Bungler's Bane, Hypha Facia. Biyu a ƙasa da bakin kududdufi suke, biyu a jikin itatuwa. Su ne aikin farko da Ajira za ta ba ka a ƙungiyar masu sihiri ta Balmora, ka huta da dawowa. A hanyar arewa wani mutum zai faɗo daga sama da takardun sihiri uku na tsalle. Suna ɗaga mutum sama da gajimare amma ƙarfinsu na ƙarewa kafin ya sauka. In za ka gwada, adana wasa tukuna.

Hau ƙaton ƙwaron nan na sufuri, silt strider, zuwa Balmora. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. A can ka haye kogin Odai, ka tambaya a South Wall Cornerclub, za a kwatanta maka gidan Caius. Zai ba ka zinare 200 ya ce ka je ka ƙara gogewa. Bi maganarsa. Shiga ƙungiyar mayaƙa a wurin Eydis Fire-Eye da ta masu sihiri a wurin Ranis Athrys. Kowacce na da gadon kwana da akwatin kayan membobi kyauta. Gado na da muhimmanci, domin a cikin gari jira kawai ake yi, kuma jira ba ya dawo da lafiya ko ƙarfin sihiri. Kwana a gadon wani mutum laifi ne.

Sufuri shi ne ilimin da ya fi kowane amfani. Ƙwarin nan na haɗa garuruwan yamma, jiragen ruwa na zagaya gaɓa, ƙungiyar masu sihiri na aika mutum nan take tsakanin Balmora, Ald'ruhn, Caldera, Vivec da Sadrith Mora. Mark na sa alama a wuri, Recall na mayar da kai can. Divine Intervention na kai ka wurin ibadar daular mafi kusa, Almsivi Intervention kuma haikalin mutanen ƙasar mafi kusa. Riƙe takarda ɗaya ta waɗannan kullum, ita ce hanyar tsira in faɗa ya fi ƙarfinka.

Tarkunan da sababbi ke faɗawa sanannu ne. Fatalwowin kaburbura ba sa jin ƙarfe, sai makamin azurfa ko mai sihiri. Makami na dakushewa, ɓarnarsa na raguwa, sai an gyara da guduma ko a wurin maƙeri. Yawancin 'yan kasuwa ba za su yi ciniki da kai ba in kana ɗauke da skooma ko moon sugar, wato miyagun ƙwayoyin wasan. Wanda ka sata a wurinsa zai gane kayansa in ka kawo masa sayarwa. Sa kwalkwali ko rigar sulken dogaran Vivec a gabansu na jawo gabar da ba ta ƙarewa. Manyan gidaje uku, Hlaalu da Redoran da Telvanni, ɗaya kawai ake shiga. Aikin da Eydis za ta ba ka na karɓo wani littafin sirri daga hannun Sottilde na iya rufe maka ƙofar ƙungiyar ɓarayi, don haka ka je Ald'ruhn ka nemi shawarar Percius Mercius. Kuma wasan na barin ka kashe kowa, har wanda labarin ba ya tafiya sai da shi. In saƙo ya fito cewa ka yanke zaren annabci, koma ajiyar baya.

Saboda Tribunal na kunne, wani makashi mai baƙar riga zai iya tashe ka daga barci tun kana mataki na ɗaya. In ka ci nasara, sulkensa ya fi duk abin da za ka iya saya a lokacin, abin da ke ɓata ma'aunin farkon wasan. Faɗa wa kowane dogari, zai tura ka Ebonheart wurin Apelles Matius. Amma kada ka wuce birnin Mournhold ko tsibirin Solstheim da wuri, an gina su ne don wanda ya yi nisa.

In ka kai mataki na uku ko huɗu, koma wurin Caius. Zai tura ka ga Hasphat Antabolis na ƙungiyar mayaƙa ta Balmora, shi kuma zai nemi wani ɗan akwati daga kangon Arkngthand. Hanyar ta bi ta kusa da sansanin Moonmoth ta hau zuwa wata tsohuwar gada, inda Snowy Granius ke jira da sihirin kiran ƙwarangwal. Iso da cikakken kuzari, ka nufe shi kai tsaye, in ya faɗi abin da ya kira ya ɓace. Ƙofar kangon na buɗuwa da wani mariƙi da ke jikin bututu. Mutane kan ɓata sa'o'i a can ƙasa a banza, alhali akwatin na kusa da mashiga: sauka babban zauren farko, nemi tudun dutsen da ke hawa bene na tsakiya, shiga ɗakin Cells of Hollow Hand, duba kantar ƙasa. Ƙarami ne, launinsa ya saje da wurin.

Mataki na bakwai: ƙari, bayan ka san wasan

Tun da Bethesda ta saka Construction Set a cikin kwalin wasan na kwamfuta, masoya ba su daina gini ba. Mafi girman aikinsu shi ne Tamriel Rebuilt, wanda aka fara tun 2001 kafin wasan ya fito, don gina sauran lardin Morrowind da ke bayan teku, da biranensa da ɗaruruwan ayyuka. 'Yan uwansa na Project Tamriel na gina lardunan Skyrim da Cyrodiil a cikin wannan wasan. Dukansu na buƙatar kundin kaya guda mai suna Tamriel_Data.

A wasan farko, biyu sun isa: Patch for Purists, mai gyara kurakuran rubutu da na ayyuka ba tare da canza wasan ba, da Expansion Delay, mai jinkirta makasan nan masu baƙar riga. Duka ana samun su a Nexus Mods. Saka su kafin ka fara wasan gaske, domin cire ƙari a tsakiyar tafiya na barin tarkace a cikin ajiya.

Kada ka zuba komai cikin Data Files na asali. Buɗe folda daban, kowane ƙari da ɗakinsa. Warware fayil ɗin, ka nemo foldar da Meshes da Textures da fayil mai .esp ko .esm ke zaune kai tsaye a cikinta, ita za ka nuna wa Launcher a shafin foldodin bayanai, ko ka rubuta ta a openmw.cfg a layin da ya fara da data=. Nuna foldar da ke sama da ita shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma alamarsa ita ce ƙarin ba ya bayyana a jeri sam. In foldodi biyu na da fayil mai suna ɗaya, wadda ke ƙasa a jeri ita ke rinjaye. Bayan nan ka sa alama a kan .esp ko .esm ɗin. In ƙarin ya zo da .bsa, shi ma sai an yi masa rajista a shafinsa. Don Tamriel Rebuilt, Tamriel_Data.esm na zuwa bayan Bloodmoon, TR_Mainland.esm kuma bayansa, kuma sigoginsu su dace da juna kamar yadda shafin aikin ya faɗa.

Wasan da kansa na nuna inda matsala take. Abu ya fito da launin hoda mai haske, hoton fatarsa ne ya ɓace. Alamar gargaɗi ta tsaya a inda ya kamata a ga kujera ko bishiya, surar ce ta ɓace, galibi saboda foldar da ba a nuna ba ko .bsa da ba a yi wa rajista ba. Wasan ya ƙi buɗuwa yana kiran sunan wani fayil, to wani ƙari na dogara da abin da ba ka kunna ba, ko ka sa shi a gabansa. Danna F10 a cikin wasa ka karanta rahoton, ko ka buɗe openmw.log a foldar saiti, sunan fayil ɗin da ya ɓace na nan a rubuce. In kuma wasan na ɗan tsayawa duk sanda ka shiga sabon yanki bayan saka babbar ƙasa, koma Launcher ka sa ya lissafa taswirar zirga-zirgar halittu gaba ɗaya. Zai ɗauki lokaci kuma zai ci wuri a faifai, ka sake yin sa duk lokacin da ka ƙara ko ka sabunta wata ƙasa.